Yadda Ake Taimaka wa Dattijo Ya Rabu da Tsoron Faɗuwa, Ya Koma Tafiya da Ƙafarsa

Tambayar da masu kula da iyaye suke yawan maimaitawa iri ɗaya ce: tsohuwa ta zame a banɗaki ko tsoho ya yi tuntuɓe a hanyar masallaci, an je asibiti an ce babu karaya, ciwon jiki ya wuce, amma tun daga ranar mutumin ya daina sakin jiki, ba ya taka ko tsakar gida sai ya dafa bango ko an riƙe masa hannu. Me za a yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya, saboda haka tsoron yana da dalili. Matsalar ita ce tsoron da kansa yana canza yadda tsoka take aiki, har ya jawo faɗuwar da ake gudu.

Tsayuwar mutum ta dogara ne ga saƙonni uku da suke isa ƙwaƙwalwa: na ido, na cikin kunne, da na tafin ƙafa da gaɓoɓi. Da su ne tsokokin ƙafa suke yin ƙananan gyare-gyare ba tare da mutum ya sani ba. A gwaje-gwajen da aka yi a Kanada, inda ake tsayar da masu lafiya a bakin dandamalin da aka ɗaga sama har mita 3.2, an ga cewa da zarar tsoro ya shiga, mutum yakan ja jikinsa baya, tsokar ƙwauri da ta sharaɓa su ɗaure a lokaci guda, idon sawu ya ƙage, zaburar da tsoka take yi idan an miƙe ta kwatsam kuma ta ƙaru. Wannan ƙagewa tana da amfani ga wanda yake tsaye wuri ɗaya, amma ga mai tafiya cikas ce, domin wanda ya yi tuntuɓe yana buƙatar ya jefa ƙafa gaba cikin hanzari, ƙafar da ta sandare kuwa ba ta saurin ɗaguwa. Kamar mai koyon keke ne, wanda yawan ƙanƙame kan keken shi ne yake kai shi ƙasa. Matakan da ke biye an jera su ne domin a warware wannan ƙagewa, kuma jerin yana da muhimmanci: kada a tsallake uku na farko a faɗa atisaye.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Ana buƙatar kujerar katako mai ƙwari wadda tsayin mazauninta ya kai kimanin santimita 43, agogon waya mai ƙirga sakan, tef ɗin awo irin na tela, alli ko gawayi, da littafin rubutu. Waɗannan kusan duk akwai su a gida. Inda kuɗi yake fita shi ne ganin likita da awon ido, ƙarfen dafawa na banɗaki da ladan mai walda, fitila mai caji, takalmi, da sanda idan an ga buƙatarta. Idan aljihu bai kai a yi duka a lokaci guda ba, a fara da ganin likita, sannan fitila, sannan ƙarfen banɗaki.

1. Gano abin da ya kayar da shi

A zaunar da dattijon a tambaye shi cikin natsuwa yadda abin ya faru: ƙarfe nawa ne, daga kwance ya tashi ko daga zaune, ya ji jiri ko duhu ya rufe masa ido, ƙafarsa ce ta harɗe ko gwiwa ce ta saki, kuma ya tuna lokacin da ya kai ƙasa ko sai farkawa ya yi ya gan shi a kwance. Amsoshin nan su ne abin da likita zai fara nema.

A tattara duk magungunan da yake sha cikin leda ɗaya a tafi da su asibiti, har da na kyamis da na gargajiya. Maganin barci irin su diazepam, maganin mura mai sa gyangyaɗi irin su Piriton, tramadol, amitriptyline, da wasu magungunan hawan jini duk suna iya sa jiri ko rage saurin martanin jiki, maganin ciwon sukari kuma yana iya saukar da sukari ya yi ƙasa sosai idan an sha ba a ci abinci ba. A nemi a yi masa awon hawan jini sau uku: bayan ya kwanta minti 5, sannan bayan ya miƙe tsaye da minti 1, da kuma minti 3. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, to jininsa yana sauka idan ya miƙe, kuma wannan yana daga cikin dalilan da suka sa tsofaffi da yawa suke faɗuwa da asuba ko a watan azumi, lokacin da ruwan jiki ya yi ƙaranci. A duba ido saboda yanar ido, wadda aiki yake gyarawa. Mai ciwon sukari a duba masa tafin ƙafa, domin ƙafar da ba ta jin ƙasa sosai ba ta aika saƙo daidai. Idan kuma yana cewa ɗaki yana juya masa duk lokacin da ya juya a kan gado ko ya ɗaga kai, a gaya wa likita da waɗannan kalmomin, domin irin wannan hajijiya sau da yawa daga cikin kunne take, kuma ana gyara ta da wata dabarar juya kai da ma'aikacin lafiya yake yi cikin 'yan mintoci.

Hattara: kada a dakatar da kowane magani a gida, musamman na hawan jini da na barci, sai likita ya ce. Idan faɗuwar ta zo da suma, karkacewar baki, nauyin harshe, mutuwar ɓarin jiki, ciwon ƙirji, ko ya bugu a kai alhali yana shan maganin tsinka jini, wannan maganar asibiti ce a ranar, ba ta atisaye ba.

2. Auna ƙarfi da auna tsoro

Awo shi ne zai nuna ko ana ci gaba, kuma shi ne zai gamsar da dattijon da yake ganin wahalar banza ake ba shi. A jingina kujerar da bango, a auna mita 3 daga ƙafarta a ja layi da alli. Ya zauna, a ce masa ya tashi, ya je layin da tafiyarsa ta yau da kullum, ya juyo ya dawo ya zauna. Wanda ya ɗauki sakan 12 ko fiye yana cikin haɗarin faɗuwa. Awo na biyu: ya rungume hannuwansa a ƙirji, a ƙirga sau nawa zai tashi ya zauna cikin sakan 30. Ga masu shekara 70 zuwa 74, ƙasa da 12 ga namiji ko ƙasa da 10 ga mace alamar rauni ce. Na uku: ya sa dunduniyar ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar, a ga ko zai tsaya sakan 10 ba tare da ya dafa ba.

Shi tsoron kuma ana auna shi da tambaya. A rubuta ayyukan da yake yi, kamar wanka, shiga bayan gida, alwala, sa tufafi, tsallake dokin ƙofa, hawa matakala, zuwa masallaci ko biki, ya ba kowanne maki daga 1, wato babu damuwa, zuwa 4, wato tsoro mai yawa. Za a yi amfani da wannan jeri a mataki na 8.

Hattara: mai awon ya tsaya dab da shi, ɗan baya kaɗan ta gefen da ya fi rauni. Kada a yi awo da kujerar roba, domin tana zamewa a kan tayil kuma ƙafafunta suna buɗewa. Yawancin iyaye maza ba za su amsa kalmar tsoro a gaban 'ya'yansu ba, don haka ya fi a ce, "Baba, wane wuri ne kake jin jikinka bai ba ka ba?"

3. Gyaran gida

Ba a ce wa mutum ya saki jiki a wurin da yake da santsi da gaske. A bi hanyar da yake bi daga gado zuwa banɗaki, da daddare, ba tare da kunna wuta ba, a ga abin da ƙafarsa take tararwa: bakin tabarma ko ledar ɗaki da ya naɗe, wayar caji, takalman jikoki, buta, bokiti. A ajiye fitila mai caji inda hannunsa zai kai daga kwance, da wata a hanyar banɗaki, saboda ɗaukewar wuta. A shafa farin fenti a dokin ƙofa da bakin kowace matakala.

Banɗaki da wurin alwala su ne suka fi buƙatar kashe kuɗi. Tayil mai sheƙi idan ya haɗu da ruwan sabulu ba ya riƙe ƙafa, simintin da ya yi gansakuka da damina shi ma haka. A shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa, a kankare gansakuka, a sa kujera mai ƙwari domin wanka da alwala a zaune, tun da ɗaga ƙafa ɗaya a wanke a tsaye yana iya kayar da tsoho. Mai walda zai iya lanƙwasa bututun ƙarfe ya kafa shi a bango kusa da masai da wurin wanka. Idan masan na tsuguno ne kuma gwiwa ba ta ɗauka, kafinta yakan yi kujera mai rami a tsakiya a ɗora a kai.

Hattara: a tabbatar an kafa ƙarfen da ƙusoshi masu shiga bulo, babba mai nauyi ya rataya jikinsa ya gwada. Ƙarfen rataya tawul, kan famfo da mariƙin ƙofa ba abin dafawa ba ne.

4. Takalmi, tufafi da sanda

Silifa mai faɗi da ta sha jiki tana sa mutum ya dunƙule yatsu yana jan ƙafa. A sama masa takalmi mai riƙe dunduniya, mai ƙasan roba, marar tudu. Zani, jallabiya ko hijabin da yake share ƙasa a rage masa tsawo zuwa saman idon sawu, kuma kada a yi tafiya da safa kaɗai a kan tayil.

Idan awo ya nuna yana buƙatar sanda, tsayinta ya tsaya daidai wuyan hannunsa yayin da yake tsaye hannu a sake, a sa mata roba a gindi, a canza robar idan ta cinye. Ana riƙe ta ne a hannun da yake ɓangaren ƙafa mai lafiya, ta tafi gaba tare da ƙafa mai ciwo. Mutane da yawa suna yin akasin haka. A matakala, ƙafa mai ƙarfi ce take fara hawa, mai rauni kuma ita take fara sauka tare da sandar.

5. Ƙarfafa ƙafafu

Tsarin atisayen da ya fi shahara a wannan fanni shi ne na Otago, wanda aka tsara a ƙasar New Zealand domin tsofaffi su yi a gida, kuma gwaje-gwajensa sun nuna ya rage faɗuwa da kusan kashi 35 cikin ɗari. Ginshiƙinsa shi ne atisayen ƙarfi da na tsayuwa sau 3 a mako, kimanin minti 30, da tafiya aƙalla sau 2 a mako. Ana barin kwana ɗaya tsakani domin tsoka ta huta.

A fara da tashi da zama daga kujera, sau 5 da taimakon hannu biyu, a hankali a kai sau 10, sannan hannu ɗaya, sannan babu hannu. Ya matso bakin kujera, ya ja ƙafafunsa baya ƙarƙashin gwiwa, ya sunkuyo har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ya miƙe. Wurin zama ya sauka sannu a hankali, kada ya saki jiki ya faɗa, domin a saukar ne cinya take samun ƙarfi. Daga nan ya tsaya yana dafe da bayan kujera ko bakin taga, ya ɗaga dugadugansa ya tsaya a kan yatsu sau 10, sannan ya ɗaga yatsu ya tsaya a kan dugadugai sau 10. Wannan na biyun ana raina shi, alhali tsokar ƙwauri ita ce take ɗaga gaban ƙafa ta hana tuntuɓe. Sai ɗaga ƙafa gefe sau 10 kowace, da miƙe gwiwa daga zaune. Idan sau 10 ya yi sauƙi, a zuba yashi rabin kilo zuwa kilo 1 a cikin tsohuwar safa a ɗaura a idon sawu.

Hattara: tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Ciwon ƙirji, haki mai tsanani, jiri, ko zafi mai suka a gaɓa suna nufin a tsaya. Kada ya riƙe numfashi yayin yunƙuri, musamman mai hawan jini. Ba a yi da tsakar rana lokacin zafi, ko da yunwa ga mai ciwon sukari.

6. Atisayen tsayuwa

Wurin da ya fi dacewa shi ne kusurwar ɗaki: bango biyu a bayansa, kujera a gabansa. Ya haɗe ƙafafu ya tsaya sakan 10 zuwa 30, sannan ya zura ƙafa ɗaya gaba kaɗan, sannan dunduniya a gaban yatsu, daga ƙarshe ƙafa ɗaya. Dafawar ma ana rage ta ne daki-daki, daga hannu biyu zuwa ɗaya, zuwa yatsa biyu, zuwa hannu a sama da kujera ba tare da taɓawa ba.

A nan ne ya kamata a gaya masa gaskiyar da za ta ba shi mamaki: ɗan tangaɗin da yake ji shi ake nema. Jiki mai lafiya ba ya tsayawa ƙyam, kullum yana ɗan rangaji yana gyarawa, kuma atisayen da babu tangaɗi a cikinsa ko kaɗan bai koya wa ƙafa komai ba. Saboda haka a sa shi ya karkata gaba da gangan har ya ji nauyi a yatsu, ya dawo, ya karkata gefe, ya dawo. Bayan mako biyu ko uku a ƙara da jefa ƙafa: ya karkata gaba har sai ya ji dole ya taka, ya jefa ƙafa da sauri ya tare kansa, haka gefe da baya. Wannan taku shi ne yake ceton mutum ranar tuntuɓe, kuma shi ne tsoro ya fi kashewa.

Hattara: mai taimako kada ya riƙe masa hannu ko ya ja shi ta hammata. Ya sa tafin hannunsa kusa da ƙugunsa ta baya, ko ya riƙe ɗamarar da aka ɗaura masa a ƙugu. Kuma ba a tura tsoho ba zato wai don a gwada shi.

7. Gyara tafiyar kanta

Mai tsoro yakan kafa ido a kan ƙafafunsa, ya gajarta taku, ya ja ƙafa a ƙasa, ya ɗauke numfashi, hankalinsa duka yana kan yadda zai ɗaga wannan ƙafa ya ajiye waccan. Sa ido a kan aikin da jiki ya saba yi da kansa yana dagula shi, kuma wanda yake kallon yatsunsa ba ya ganin ramin da ke gabansa sai ya iso. Kafin ya tashi, ya ja numfashi ta hanci ya sake shi a hankali sau uku, ya sauke kafaɗu, ya motsa yatsun ƙafa. Idan ya miƙe ya dakata ya ƙirga 10 kafin ya taka. A tafiya ya riƙa duban taku uku ko huɗu a gaba, dunduniya ta fara sauka, hannuwa suna lilo.

Kalaman mai rakiya suna da tasiri fiye da yadda ake zato. "Yi a hankali, Inna, kar ki faɗi" yana mayar da hankalinta kan ƙafa da faɗuwa. "Inna, mu je wurin bishiyar can" yana mayar da shi kan inda za a je. Idan tafiyar ta daidaita, a fara haɗa ta da hira, ko riƙe kofi, ko waiwaye, domin a titi babu wanda zai fasa gaishe ta don tana tafiya.

8. Komawa wuraren da ake gudu

A ɗauko jerin mataki na 2, a fara da aikin da ya sami maki 2, ba mai 4 ba. Misalin wanda ya daina zuwa masallaci: makon farko ya je zaure ya dawo tare da rakiya, na biyu ya kai ƙofar gida, sannan rabin hanya, sannan sallar la'asar da ido yake ganin hanya, mai rakiya a gefensa, daga baya a bayansa da 'yan taku. Asuba da isha'i su ne na ƙarshe, da tocila. Ana maimaita kowane mataki har sai makinsa ya sauka kafin a wuce. Idan tashi daga sujada yana kawo jiri, sallah a zaune halas ce ga wanda tsayuwa ta gagara, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini, sai ya ci gaba da atisayensa a gida.

Kuskuren da ya fi yawa a gidajenmu daga ƙauna yake fitowa. Da zarar tsohuwa ta faɗi sai a ce ta zauna, ruwa a kawo mata, abinci a kawo mata, buta a miƙa mata, jikoki suna ta kai da kawowa. Cikin 'yan makonni cinyoyinta sun saki, kuma ta karanta a fuskokin 'ya'yanta cewa ita ba mai iya tafiya ba ce. A ganina hidimar da ta fi ita ce a bar mata ayyukan da take iyawa, a tsaya kusa. Ɗaya kuskuren shi ne faɗa da gori, irin su "ai ba abin da ya same ki", wanda ba ya rage tsoro, sai dai ya sa ta ɓoye faɗuwa ta gaba.

9. Koyon tashi daga ƙasa

Da yawa abin da suke tsoro shi ne su faɗi babu kowa, su kasa tashi. Ana koyar da tashin ne daga ƙarshe zuwa farko, a kan katifa ko darduma mai kauri. Ranar farko ya dafa kujera ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya miƙe. Idan ya iya, gwiwa biyu, sannan rarrafe, sannan zama a gefe, sannan kwanciya. Cikakken tsarin shi ne: ya natsu ya duba jikinsa, ya mirgina gefe, ya tashi a kan hannuwa da gwiwoyi, ya rarrafa zuwa kujera ko gado, ya dafa da hannu biyu, ya kafa ƙafa mai ƙarfi a gaba, ya miƙe ya juya ya zauna. A rataya masa ƙaramar waya ko usur a wuya, kuma a cire sakatar ciki ta banɗaki ko a sa wadda ake buɗewa ta waje.

Hattara: wanda aka yi wa aikin ƙugu ko gwiwa kada ya gwada wannan sai da ma'aikacin gashin ƙashi. Idan ya faɗi yana kukan ƙugu, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kada a ɗaga shi tsaye, kada a ja ƙafar, a ɗauke shi a kwance zuwa asibiti.

10. Sake awo

A maimaita awon mataki na 2 duk bayan mako 4, a rubuta a nuna masa. Ƙa'idojin kare faɗuwa na duniya da aka fitar a 2022 sun ba da shawarar a yi atisayen aƙalla sau 3 a mako na tsawon mako 12 ko fiye, kuma amfaninsa yana raguwa idan an daina, don haka gara a haɗa shi da wani abin da ba ya tashi, kamar bayan karin kumallo. Idan an yi wata uku lambobin ba su motsa ba, ko ya sake faɗuwa sau biyu cikin shekara, ko yana da shanyewar ɓarin jiki, makyarkyata ko rikicewar tunani, a nemi sashen gashin ƙashi na babban asibiti, irin na Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ga mutanen Kano, a tafi da littafin awon da ledar magungunan. Idan kuma ƙarfi ya dawo amma tsoron bai ragu ba, har ya daina cin abinci sosai, barci ya ƙaurace masa, ko ba ya son ganin mutane, a gaya wa likita wannan ma, domin damuwa mai tsanani tana yawan biyo bayan faɗuwa kuma tana da magani.